Kitsen da Tsinke Ya Saya wa Ƙanensa

Akwai wani direban bas a wani kamfanin sufuri da ake ce wa Tsinke, kuma duk wanda ya gan shi ba ya tambayar dalilin sunan. Dogo ne siriri, wandonsa ba ya zama a ƙugu sai ya ƙara wa bel huda da ƙusa. Abokan aikinsa kan tsokane shi cewa in iska ta taso ya riƙe ƙofar mota, kada a neme shi a rasa.

Shekara goma sha tara yana jan wata tsohuwar bas a cikin gari. Ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya san giya ta uku ba ta shiga sai da lallashi, ya san tagar da ba ta rufuwa in ana ruwa. A iya tuƙi kam babu mai ja da shi, sai dai bakinsa ya fi burkinsa kaifi, fasinja ba ya faɗa masa ɗaya bai mayar da uku ba.

Yana da ƙane, autan gidansu, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa Auta yake ce masa. Kai ka ce ba ciki ɗaya suka fito ba. Auta gajere ne mai jiki, mai fara'a, tumbinsa na gaisawa da sitiyari kafin shi ya zauna. Tsinke ne ya koya masa tuƙi, shi ya kama hannunsa ya kawo shi kamfanin shekara shida da suka wuce.

Ana nan sai kamfani ya sayo sabuwar bas. Doguwa ce fara, mai na'urar sanyi, kujerar direbanta tana hawa tana sauka da kanta. Aka ce ita za ta riƙa yin doguwar hanya, wadda duk wanda ya riƙe ta ya zama gaba da sauran direbobi. Aka ajiye ta a ƙarƙashin rumfa ana jiran takardunta su kammala.

Tsinke bai yi shakka ba ko kaɗan. Wa ya kai shi daɗewa? Kullum da safe sai ya bi ta gefenta, ya goge madubinta da hannun riga, ya leƙa ciki. Har ya faɗa wa matarsa ta fara shirin ganinsa sau biyu a mako.

Ranar da manaja ya kafe takarda a allon sanarwa, Tsinke ya ratsa mutane yana murmushi. Ya karanta sau ɗaya, ya sake karantawa. Sunan Auta ne.

Direbobi suka ɗaga Auta sama da ƙyar suna ihu. Wani ya dafa Tsinke ya ce, "Ai abin duk gida ne, Yayan ango!"

Tsinke ya yi yaƙe ya ce, "Haka ne, duk gida ne." Amma abin da ke ransa daban ne. In faɗa muku gaskiya, hassada ce, irin wadda ta fi ciwo, ta wanda ka goya ya zo ya wuce ka kana kallo.

Da yamma suka je gaida mahaifiyarsu. Tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Da ta ji labari sai ta ture faranti ta kama hannun Auta da hannu biyu.

"Autana! Ni na san Allah ba zai bar ka ba." Ta juya wajen Tsinke. "Kai kuma ka tsaya ƙerere kamar baƙo. Ba za ka taya ƙanenka murna ba?"

"Na taya shi tun a wurin aiki, Inna."

"To ƙara, ba ta yin yawa."

Ya ƙara. A ransa kuwa cewa yake, ni da na koya masa inda burki yake, yau ni ake sa wa in yi masa barka.

Sai dai akwai sharaɗi. Tun da wani direba ya taɓa yanke jiki ya faɗi a kan sitiyari, Allah ya kiyaye motar tana tsaye, kamfanin ya kafa doka: ba mai hawa doguwar hanya sai likitar kamfani ta gwada shi ta sa hannu.

Bayan kwana huɗu Auta ya sami yayansa a bayan gareji, a kan bencin da suke hutun rana. Fuskarsa ba walwala, yana riƙe da takarda.

"Yaya, akwai matsala. Likita ta ƙi sa hannu."

Gaban Tsinke ya faɗi, amma ba faɗuwar tsoro ba. Ya gyara murya ya ce, "Subhanallahi. Me ta gani?"

"Wai kitse ya yi yawa a jinina. Kolestarol take ce masa. Ta ce jikin kowa yana yin nasa, kuma yana da amfani, amma iri biyu ne, akwai mai kyau akwai mugu. Mugun shi ne yake manne wa jijiyoyin jini a hankali, har wata rana hanya ta toshe, zuciya ta tsaya ko rabin jiki ya shanye."

"To me ya kawo shi?"

"Ta ce kitsen naman shanu, da man shanu, da soye-soye, da zaman wuri ɗaya. Ta ce ba ta hana ni nama ba, amma in ci tsoka kaɗan, in yanke farin in yar. In yawaita wake da ganye da kifi, in riƙa tafiyar ƙasa. Ta ba ni wata uku, daidai lokacin da takardun motar za su fito. In bai sauka ba, a ba wani."

"Wani wa?"

Auta ya ɗaga kafaɗa. "Wanda ya fi daɗewa mana."

Duk kamfanin babu wanda ya fi Tsinke daɗewa. Ya sunkuyar da kai kamar mai jimami, don kada Auta ya ga abin da ke fuskarsa. Ya ce, "Kada ka damu. Likitocin nan in ba su tsorata mutum ba, ba sa jin sun yi aiki."

A bakin ƙofar garejin akwai wani mai nama da ke gashi a ƙarƙashin rumfar kwano, hayaƙinsa na shiga har ofishin manaja. Washegari da rana Tsinke ya tsaya a gabansa.

"Tozo za ka yanko mini, da gefen haƙarƙari. Farin nan kada ka cire ko ɗaya."

Mai nama ya dube shi ya yi dariya. "Yau kuma? Kai da kullum sai dai ka shaƙi hayaƙi ka wuce?"

"Ƙanena ya sami ci gaba. Ba zan yi masa walima ba?"

Ya iske Auta ya buɗe kular da matarsa ta haɗa masa: dafaffen wake, ganye, da yankan kifi guda. Tsinke ya leƙa ya taɓe baki.

"Wannan abincin mutum ne ko na zomo? Ture shi can." Ya baje takardar naman a kan benci, maiƙo ya riga ya huda ta. "Bismillah. Yayanka ne ya saya maka."

Auta ya haɗiye yawu. Yana son nama kamar ransa, kuma tun tasowarsa bai taɓa mayar wa yayansa da hannu ba. Ya dubi naman, ya dubi Tsinke.

"Yaya, ka san fa abin da likita ta ce."

"Likita ce ta haife ka? Ci, don Allah."

Auta ya ɗauki yanka ɗaya, ya sa yatsa ya ɓare kitsen, ya ci tsokar. Ya ƙara na biyu haka. Sannan ya tura kitsen gaban Tsinke da ladabi.

"Ai wannan rabon babba ne, Yaya. Ni na ƙoshi, Allah ya ƙara buɗi." Ya koma kan wakensa.

Nan Tsinke ya ga ashe sai ya yi da gaske. Mai jin tsoron abu ba ya ci sai ya ga wani ya ci ya kwana lafiya. Sai ya ɗauki kitsen ya jefa a baki, yana tauna yana lumshe ido.

"Ka gani? Me ya same ni? Dube ni da kyau. In da kitse na kisa, ai da an ga alama."

"Kai ai jikinka daban ne, Yaya."

"To ɗauki ɗaya."

"Gobe, in sha Allahu."

Goben nan ita ce ba ta zo ba. Kullum da rana Tsinke zai sayo, Auta zai ci tsoka biyu ya yi godiya, Tsinke ya cinye sauran don ya nuna masa ba komai. Wata rana tozo, wata rana kayan ciki soyayye, wata rana ƙashi mai ɓargo. Mai nama har ya daina tambaya, yana hango shi zai jawo tozo ya fara yanka.

Direbobi kuwa suka shiga yabo. "Kai, ba mu taɓa ganin wa mai son ƙanensa kamar Tsinke ba." Yabon ma haushi yake ba shi.

Da ya ji Auta ya fara zuwa aiki a ƙasa, sai ya riƙa biyowa ta layinsu da babur. Zai tsaya a gefensa ya ce, "Hau mana, kana tafe kana haki kamar wanda aka koro. Kada a ce ina da abin hawa ƙanena na yawo a ƙasa."

"Na gode, Yaya. Saura kaɗan in kai."

Ranar hutu Tsinke ya shigo gida da leda cike da nama da kwalbar man shanu, ya dire a gaban matarsa a kicin.

"Ki soya shi da wannan, ya ji mai sosai. Auta da matarsa za su zo cin rana."

Matar ta buɗe ledar, ta ɗaga wani yanka fari fat, ta juya shi. Mace ce mai shiru-shiru, amma ba a yi mata rufa-rufa.

"Maigida, ba shi ne aka hana cin wannan ba?"

"Ke ma kin zama likita?"

"Ban zama ba. Amma shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin ka sayo wa Auta ko ƙashi ba. Tun yaushe wannan ƙaunar ta sauko?"

Ya yi kicin-kicin da fuska. "Yanzu kyauta ma laifi ce?"

Ta ɗora tukunya a wuta ba ta dube shi ba. "Zan soya, tunda ka ce. Amma zan dafa ganye da shinkafa a gefe. Kuma ka ji tsoron Allah, ɗan uwanka ne."

Maganar ta soke shi, amma ya basar. Da suka zo, Auta ya ci shinkafa da ganye, ya taɓa tsoka ɗaya, ya yi ta yaba hannun matar yayansa. Naman ya rage fiye da rabi. Tsinke ne ya yi kwana biyu yana ɗumama shi, safe da yamma, don ya ce ba za a zubar da abinsa ba.

Haka aka ci wata guda, aka shiga na biyu. Kullum Tsinke na satar kallon tumbin Auta kamar mai kiwo yana duba ragonsa, sai dai shi wannan ragon ramewa yake yi. Rigar aikin da maɓallanta ke neman tsinkewa ta fara yi masa yawa. Ya daina haki in ya hau matakalar ofis.

Wata rana Auta ya zo yana riƙe da wando da hannu ɗaya, yana dariya.

"Yaya, ara mini ƙusar nan taka ta huda bel."

Tsinke ya miƙa masa. Ji ya yi kamar shi aka huda.

A wannan ranar ce, da suka zauna cin abinci, Auta ya dubi yadda yake sharce maiƙo da yatsa ya ce, "Yaya, da kai ma ka ɗan rage. Kullum fa kai ke cinyewa."

"Ni? Kitse ba shi da wurin zama a jikina. Ta nan yake shiga, ta can yake fita. Cutar masu tumbi ce, ka ji da kanka."

Kuma har ga Allah haka ya yi imani. Bai ƙara ko kilo ɗaya ba, ba ya jin ciwon komai, barcinsa lafiya. Abin da ke damunsa kawai shi ne kwanaki na tafiya, Auta kuma ya ƙi ƙiba.

Saura kwana biyar wata uku su cika, manaja ya aika a kira su su biyu. Yana zaune a bayan tebur, makullin sabuwar motar na rataye a ƙusa a bayansa. Tsinke ya kasa ɗauke ido daga kai.

"Ku zauna," in ji manaja. "Tsinke, akwai maganar da na hana ƙanenka ya faɗa maka, don kada gareji ya ɗauka kafin ta tabbata. Doguwar hanyar nan direba biyu take bukata, suna karɓar juna. Ranar da na kafe takarda, ko awa ba a yi ba Auta ya shigo nan. Ya ce shi ba zai hau motar ba sai da kai, kuma kai ne gaba, shi mataimaki."

Manaja ya gyara zama ya ci gaba.

"Na faɗa masa gaskiya, masu kamfani ba sa son bakinka, ƙorafin fasinja a kanka ya yi yawa. Ya ce shi zai riƙa magana da fasinja, kai ka riƙe sitiyari, don duk abin da ya iya kai ka koya masa. Wata uku yana min sintiri a ofis. Jiya dai suka amince. Gobe da safe ku je wajen likita tare, kada ku ci komai kafin a ɗebi jini."

Auta na ta washe baki kamar yaron da aka saya wa keke. "Yaya, wallahi sau nawa ina kusan faɗa maka. Musamman in ka kawo naman nan, sai in ji kamar in fashe."

Kunya ta lulluɓe Tsinke tun daga kai har ƙafa. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai daɗi, don ga mota ta zo hannunsa. Ya ce a ransa, shi ke nan, abin da ya wuce ya wuce, ba wanda ya sani. Yanzu addu'arsa ɗaya, Allah ya sa tsoka bibbiyun nan ba su yi wa Auta illa ba. Nasa gwajin kuwa ko a jikinsa.

Aka ɗebi jini, aka auna su, aka ce su dawo bayan kwana biyu.

Ɗakin likitar ƙarami ne, da fanka a sama, da sikeli a lungu, da zuciyar roba a kan tebur. Ita kuma dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da gaggawar magana. Ta fara da takardar Auta.

"Kai kam ka yi ƙoƙari. Mugun ya sauka, mai kyan ya ɗan hau. Ka ci gaba a haka, kada ka ce an gama." Ta sa hannu.

Tsinke ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara zama yana jiran nasa. Likita ta ɗauki takarda ta biyu, ta daɗe tana dubawa, sannan ta cire tabarau.

"Malam, naka ya fi wanda ƙanenka ya fara zuwa da shi, nesa ba kusa ba. Jininka ma ya hau. Sau biyu aka auna shi."

Ya yi dariya. "Likita, an dai musanya takardun. Dube ni fa. Ina kitsen yake?"

"Kai direba ne. Ka taɓa ganin tiyon mai ya toshe daga ciki, a waje kuwa sumul?"

"Na sha gani."

"To haka jijiya take. Kitsen da nake magana ba na tumbi ba ne, na cikin jini ne. Siriri na samunsa, mai jiki na samunsa. Ba ya ciwo, ba ya ba da alama, sai ranar da ya yi ɓarna. Akwai wanda ya taɓa mutuwar farat ɗaya a gidanku?"

'Yan uwan suka dubi juna. Auta ne ya amsa. "Babanmu. A ƙofar shagonsa ya faɗi, bai kai sittin ba. Siriri ne kamar Yaya."

Ta gyaɗa kai. "To da alama kuna da gado. Mai irin wannan jinin, abin da wani zai ci ya wuce, shi taruwa yake yi. Me kake ci a 'yan watannin nan?"

Tsinke ya kau da kai, likita ta ci gaba.

"Zan ɗora ka a kan magani, ka gyara ci, ka dawo bayan wata uku. In ka kiyaye zai sauka, da yardar Allah. Amma ba zan sa hannu ka ɗauki mutum hamsin a doguwar hanya a haka ba."

"Likita, ranar Litinin motar za ta fara aiki."

"Na sani. Ka yi haƙuri."

Suka fito suka zauna a kan bencin baranda. Auta ya kira manaja a waya, ya roƙa, ya sake roƙo. Manaja ya ce motar ta gama jira, an riga an sayar da tikiti, za a haɗa shi da wani direba.

Auta ya ajiye wayar, sai ga hawaye. Ƙaton mutum, yana kuka a gaban jama'a.

"Yaya, ka yafe mini. Ni na jawo maka. Kai kana sayo nama don ka faranta mini, ni kuma ina tura maka kitsen kullum. Na san cuta ne, likita ta faɗa mini, amma na tsare kaina na bar ka kana ci. Son kai ne ya yi mini yawa."

Da zagi ya yi, da Tsinke ya iya ɗauka. Wannan kuwa ya fi ƙarfinsa. Ya ga zai iya yin shiru, ya ce ya yafe, a tashi a haka, Auta ya yi ta ɗaukar laifin har ƙarshen rayuwarsa. Ya dubi takardar da ke hannunsa.

"Auta, share hawayenka. Ba don in faranta maka nake sayowa ba."

Auta ya ɗago.

"So nake ka faɗi gwajin. So nake kitsen ya ƙi sauka, a ba ni motar. Baburin ma da nake tare ka da shi, don kada ka yi tafiyar ƙasa ne."

Wata ma'aikaciyar jinya ta wuce da keken marasa lafiya, suka janye ƙafa.

"Wata uku, Yaya? Kullum?"

"Kullum."

"Har ranar da muka zo gidanka?"

"Har ranar."

Auta ya goge fuska da hannun riga. Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma hakan ya fi zafi. "Ni kuwa duk gari na bi ina faɗa cewa ba wanda ya taya ni murna kamar Yayana. Har Inna na faɗa wa." Ya miƙe tsaye. "Da ka buɗe baki ka ce kana son motar, wallahi da na bar maka ita tun ranar farko. Ai ba na jin daɗin komai in ba ka ciki."

Ya tafi a ƙasa. Tsinke bai iya ce masa ya zo su hau babur ba.

Ranar Litinin da safe aka fito da sabuwar bas daga rumfa, an wanke ta tana ƙyalli. Fasinjoji suka yi layi da jakunkunansu. Tsinke na zaune a tsohuwar motarsa a can gefe, yana kallon wani direba da bai kai shekara huɗu a kamfanin ba yana gyara madubi, yana gwada kujerar da Auta ya roƙa wa yayansa.

Bai yi zaton Auta zai zo ba. Sai ga shi ya ratso gareji cikin sabuwar rigar aiki, ya tsaya a jikin taga. Bai yi murmushi ba, amma ya rusuna kamar yadda ya saba.

"Yaya, za mu tashi. A yi mana addu'a."

Tsinke ya kasa haɗa ido da shi. Da ƙyar ya ce, "Allah ya tsare hanya, Auta. Allah ya kai ku lafiya." Wata uku ke nan yana yi wa ƙanensa fatan alheri da baki, sai yau ne ya fito daga zuciya.

Motar ta fita a hankali. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya goge ido, ya shiga kiran fasinjan cikin gari.

Darasi: Mai hassada yakan fara cutar da kansa tun kafin ya taɓa wanda yake yi wa, kuma sau da yawa wanda kake baƙin ciki da ci gabansa yana can yana nema maka alheri ba ka sani ba. In abu na cin ka a rai game da ɗan uwanka, buɗe baki ka faɗa masa. Sannan kada siranta ta ruɗe ka: kitsen jini ba ya duba girman jiki, kuma ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. A rage kitse da soye-soye, a yawaita ganye da wake da kifi, a motsa jiki, a je a gwada jini ko da ana jin lafiya. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman siraran cikinsu masu cewa su kam ba ruwansu.